Yadda Ake Koya Wa Ɗaliba Motsin Sannu-Sannu A Rawar Ƙugu Ta Larabawa

Duk malamar da ta ɗan daɗe tana koyar da rawar ƙugu ta san wannan yanayin. An sa kiɗa mai zafi, ganga na tashi, ɗalibai na karkaɗa ƙugu, falo ya cika da dariya. Sai gangar ta yi shiru, sarewa ta shigo ita kaɗai tana jan sauti a hankali, sai ki ga fuskoki sun canja. Wata ta tsaya cak tana kallon ƙasa. Wata ta gama motsin da ya kamata ya ci daƙiƙa 8 cikin daƙiƙa 2, ta rasa abin da za ta yi da sauran lokacin. Wata kuma ƙafafunta na kyarma kamar wadda zazzaɓi ya kama.

A ajin da nake koyarwa a Samaru ta Zariya, na mata zalla, akwai ɗaliban jami'a, akwai matan aure daga Hanwa da Palladan, akwai amaren da saura musu wata ɗaya ko biyu biki, akwai kuma iyayenmu da suka zo don motsa jiki kawai. Kusan dukkansu a wuri ɗaya suke tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne. Jikinmu ya tashi da kiɗan ƙwarya da kalangu, inda kowane bugu ke gaya wa ƙafa inda za ta sauka. Ita kuwa wannan rawa, wadda Misirawa ke kira raƙs sharƙi, wato rawar gabas, rabin kyanta yana cikin wuraren da ganga ba ta ce komai ba. Tahiya Kariyoka, wadda ta rasu a 1999, da Suhair Zaki da ta zo bayanta, ba da tsalle ko zagaye fili suka yi suna a Alƙahira ba. An san su da iya tsayawa a ɗan ƙaramin wuri su riƙe hankalin jama'a da motsi kaɗan mai laushi.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko, 'yar uwa, shi ne faɗin "yi a hankali" ba ya koyar da kowa komai. Ɗalibar da ke sauri ta san inda motsi ya fara da inda ya ƙare, amma ba ta san abin da ke tsakani ba. Tana kama da wadda ta shiga mota a Samaru, barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai a PZ. In kin tambaye ta hanya, ba za ta iya ce miki an bi ta Kwangila ba. Aikinki shi ne ki sauke ta daga motar ki taka da ita a ƙasa.

Mataki na farko: gano abin da ke kora ta

Kafin ki gyara, ki duba. Ki sa ɗalibar ta tsaya, ta tura ƙugunta dama, ta dawo da shi hagu a miƙe ba tare da kiɗa ba, ke kuma kina ƙirga 8 a kowace tafiya. Ki tsaya a gabanta, sannan ki koma gefenta.

In kin ga motsin ya fara da kyau sai ya yi tsalle a wani wuri ayyananne, kullum a wurin nan, to rashin ƙarfi ne. Tsokar da ya kamata ta riƙe nauyi a wannan gaɓar ba ta iya ba, sai jiki ya wuce wurin da gudu kamar mai tsallake kwata. In kuwa ta iso ƙarshe tun kina kan 3, ta tsaya tana jiranki, to hanyar ce ba ta sani ba. In kafaɗunta sun hau sama, ta cije leɓe, idonta na kan sauran ɗalibai, to kunya ce, tana so ta gama a daina kallonta. Akwai ta huɗu, wadda jikinta lafiya lau amma kunnenta ne bai saba da irin kiɗan ba. Sau da yawa za ki tarar da biyu ko uku a jikin mutum ɗaya, amma akwai wanda ya fi rinjaye, kuma da shi za ki fara. Wadda kunya ke damunta, ko kin shekara kina ba ta atisayen ƙarfafa cinya ba za ki ga canji ba.

Mataki na biyu: tsayuwa

Sauri yana ɓoye mummunar tsayuwa, sannu tana tona ta. Saboda haka ki ba wannan matakin lokacinsa ko da ɗalibai sun ƙosa.

A cire takalmi. Ƙafafu su daidaita da faɗin ƙugu, yatsu na kallon gaba, nauyi ya bazu a tafin ƙafa gaba ɗaya, kada ya taru a dunduniya. Gwiwoyi a sake su kaɗan, kada a ƙame su, kada kuma a durƙusa. Mara ta ɗan shiga ciki yadda ƙashin ƙugu zai zauna daidai, gadon baya ya yi tsawo. Ƙirji ya ɗago, kafaɗu su sauka, haɓa ta daidaita. Matsalar da na fi gani a wurin matanmu ita ce turo ɗuwawu baya da lanƙwasa gadon baya, musamman waɗanda suka yi goyo da yawa. In aka yi motsin sannu a haka, bayan minti 10 sai ciwon baya.

A nan muna da wata baiwa da ya kamata mu yi amfani da ita. Yawancinmu mun taɓa ɗaukar tulu ko tire a ka, ko mun girma muna ganin masu tallar fura da nono suna tafiya da ƙwarya bisa kai ba tare da sun riƙe ba. Ki ɗora wa ɗalibar faifai ko ƙaramin tire marar nauyi a ka. Nan take wuya zai miƙe, ƙirji zai tashi, kuma duk fizgar da ta yi faifan zai faɗa mata kafin ke ki buɗe baki. Ina barin faifan a kansu na minti 5 a farkon aji, daga nan a sauke, don kada wuya ya ƙage.

Ki kula da daɓen da kuke rawa a kai. Tayil mai santsi da safa haɗari ne, kafet mai kauri kuma yana kama ƙafa ya murɗa gwiwa. Lokacin hunturu, da sanyin Zariya na safe, kada ki fara motsin sannu sai kun yi minti 10 ko fiye kuna ɗumama jiki, domin tsoka mai sanyi ba ta yarda a ja ta a hankali.

Mataki na uku: numfashi

Wannan gajere ne amma kada ki tsallake shi. Ɗalibar da ta mai da hankali sosai takan riƙe numfashi ba ta sani ba, kuma wadda ta riƙe numfashi dole ta yi sauri don ta samu ta shaƙa. Ki sa su ɗaga hannaye daga gefe zuwa sama suna shaƙar iska ta hanci har ƙirga 4, su sauke suna fitarwa ta baki har ƙirga 8. Sau 5 ya isa. Daga baya, duk lokacin da kika ga wata ta ƙame, maimakon ki ce ta sassauta, ki yi mata tambaya. "Ƙanwata, me kuka dafa jiya da dare?" Ba ta iya amsawa sai ta yi numfashi, kuma za ki ga ƙugun ya saki da kansa.

Mataki na huɗu: kafa tashoshi a hanya

A nan ainihin aikin yake, kuma a nan nake kashe mafi yawan lokacin aji.

Mu ɗauki zagayen ƙugu. Ki ce wa ɗalibar ta ɗauka tana tsaye a tsakiyar babban faranti. Tashoshi 4 ne: gaba, dama, baya, hagu. Ta kai ƙugunta gaba ta tsaya, ki ƙirga 2. Ta kai dama ta tsaya. Haka har ta zagayo. Kada ki bari ta haɗa su tukuna, ki bar motsin ya zama mai kusurwa kamar akwati. Idan tashoshin nan 4 sun zauna, ki ƙara wasu 4 a tsakaninsu: gaba ta dama, baya ta dama, baya ta hagu, gaba ta hagu. Yanzu sun zama 8, kuma a nan za ki ji ana cewa, "Anti, ashe akwai wuri a nan?" Akwai, kuma shi ne wurin da take tsallakewa kullum. Yawanci kusurwoyin baya ne suka fi ɓacewa, domin ido ba ya ganinsu a madubi.

Sai ki fara rage tsayawar. Daga ƙirga 2 a kowace tasha zuwa 1, daga 1 zuwa ɗan taɓawa kawai, har ya zama ana wucewa ta kowace tasha ba a tsaya ba amma ba a tsallake ta ba. Zagayen da zai fito daga nan daban yake da wanda ta zo da shi. Ya fi faɗi, ya fi cika, kuma ba ta iya yinsa da gudu ko ta so, saboda yanzu tana da wurare 8 da za ta gaisar.

Haka za ki yi da motsin lamba 8, ina nufin 8 ta boko mai zobe biyu, wadda ake zana ta a kwance a ƙasa. Ƙugun dama ya juyo gaba, ya fita gefe, ya zagaya baya, ya dawo tsakiya, sai na hagu ya karɓa. Tashoshi 4 a kowane gefe. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne tsakiya, inda nauyi ke barin ƙafa ɗaya ya koma ɗayar. Ɗalibai kan faɗa kan ƙafar kawai, tim. Ki ware wannan canjin nauyin ki koyar da shi shi kaɗai: a tsaya, a zuba nauyi daga ƙafar dama zuwa ta hagu cikin ƙirga 8, kamar mai juye man gyaɗa daga kwalba zuwa kwalba ba ta so ɗigo ya zuba. A rabin hanya, a ƙirga na 4, nauyin ya zama daidai a ƙafa biyu. In ta iya wannan, rabin matsalar lamba 8 ta kau.

Wata dabara da ke aiki ga masu saurin gane abu da ido: ki zana siffar a ƙasa da alli, ko ki shimfiɗa igiya, ta tsaya a kai tana bi da ƙugunta.

Mataki na biyar: ja ƙirga a hankali

Kuskuren da malamai da yawa ke yi shi ne su ɗauko ɗaliba daga saurinta su jefa ta cikin mafi jinkirin kiɗa kai tsaye. Ki fara daga inda take. In zagayenta na cin ƙirga 2, ki karɓa, ku yi shi tare sau 4. Sai ki mai da shi 4. In ya zauna, 8. Mai ƙwazo za ta kai 16 bayan wasu makonni. Akwai manhajojin waya masu buga ƙwas-ƙwas daidai wa daida, waɗanda makaɗa ke amfani da su. Ki saita ɗaya a bugu 60 a minti, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa, don bakinki ya huta idonki ya yi aiki. In babu caji, tafi ya wadatar.

Sharaɗin wasan ɗaya ne: ba a isa kafin lokaci. Wadda ta iso tashar ƙarshe a ƙirga na 6 alhali 8 aka ce, ta sake. Ina gaya musu cewa a wannan ajin wadda ta zo ƙarshe ita ta ci. Bayan an kai mafi tsawo, ki dawo da su baya, 16 zuwa 8 zuwa 4. Za su yi mamakin yadda ƙirga 8 da ta gagare su ɗazu ta zama kamar wasa.

Mataki na shida: ba wa jiki abin da zai tura

Motsin sannu mai kyau yana da nauyi a ido, kamar iska ta yi kauri. Wannan nauyin daga tsokoki biyu masu jayayya yake fitowa, ɗaya na ja, ɗaya na riƙewa. Ɗaliba ba za ta gane wannan da bayani ba, sai ta ji shi a jikinta.

Ki nemi izininta, ki dafa tafin hannunki a gefen ƙugunta, ki ce ta ture hannun. Ki ɗan yi turjiya, ba da ƙarfi ba, yadda dole ta tafi a hankali. Ku yi sau 3, sannan ki janye hannun ki ce ta yi kamar yana nan. Ko ki haɗa su biyu-biyu, ɗaya ta zagaya gyale a ƙugun ɗayar ta riƙe bakinsa biyu tana ɗan ja. Wadda ke gida ita kaɗai ta iya yi da bango da matashin kai a tsakani.

Sannan ki zaɓi kalmominki daga madafa, domin nan jikinmu ya san nauyi. Kowace mace a ajin ta san bambancin juya cokali a ruwan shayi da jan muciya a tukunyar tuwo idan ya fara kauri. Sai in ce, "Yanzu shayi kike motsawa, ni tuwo nake so." Ga hannaye kuma nakan ce su ɗauka suna cikin randar zuma har wuya. Wata Hajiya da ke zuwa daga Tudun Wada ta taɓa ce min ita sai da ta tuna da jan guga cike da ruwa daga rijiya, da yadda ake sauke shi a hankali don kada igiya ta ƙone tafin hannu, sannan abin ya shige ta. Tun daga ranar nake ba wa kowa misalinta, domin ya ma fi nawa dacewa, kuma shi ya kawo mu mataki na gaba.

Mataki na bakwai: ƙarfin saukewa

Ɗagawa ba ta cika gagarar kowa ba. Saukewa ce ke gagara. Ki duba ɗaliba tana ɗaga ƙugu ɗaya sama a hankali, za ta yi shi da kyau, amma wajen dawowa sai ta sake shi ya faɗo. Tsoka na buƙatar wani irin ƙarfi na daban don ta riƙe nauyi tana miƙewa, kuma wannan ƙarfin sai an gina shi.

Atisaye 3 nake bayarwa, kuma ba sa buƙatar kayan aiki. A jingina baya da bango, a sauka kamar za a zauna a kujera cikin ƙirga 8, ba sai an kai ƙasa sosai ba, a taso cikin ƙirga 4, sau 5. A tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 20, a dafa kujera in da buƙata, sannan a canja. A tsaya daidai, a ɗaga ƙugun dama da tsokar kwiɓi cikin ƙirga 2, a sauke shi cikin ƙirga 8, sau 6 kowane gefe. Wannan na ƙarshen shi ne tushen motsin da ake kira maya, inda ƙugu ke hawa sama, ya fita gefe, ya gangaro ƙasa, dunduniya kuma na manne da ƙasa. Duk wadda mayarta ke fizga, kwiɓinta da cinyarta ne ba su kai ba tukuna.

Kyarma a lokacin waɗannan atisaye ba abin tsoro ba ce, alama ce tsokar na aiki a inda ba ta saba ba. Ki faɗa musu haka tun kafin ta zo, don kada su ji kunya. Amma zafi mai suka a gwiwa ko a gadon baya daban ne, a tsaya nan take. Mai juna biyu, da mai jego, da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, da mai tsohon ciwon baya, su fara jin ta bakin likitansu kafin su shiga wannan ɓangaren. Ba na sassauta wannan ko ga wadda ta rantse min lafiyarta ƙalau.

Motsi biyu da ke buƙatar kulawa ta musamman

Na farko shi ne wanda malamai ke kira raƙumi, motsi mai kama da igiyar ruwa da ke bi ta ƙirji ya gangaro ciki zuwa mara. Ɗalibai kan mai da shi sunkuyo da miƙewa. Ki koyar da shi a jikin bango: ta juya wa bango baya, tazarar ɗan taƙi kaɗan, ta ɗaga ƙirji gaba da sama, sannan ta manna allon kafaɗa da bango, sai tsakiyar baya, sai gadon baya tana jan mara ciki, sannan ta saki. Bangon zai nuna mata gaɓar da ta tsallake. Yawanci tsakanin haƙarƙari da cibiya ne, wurin da mata da yawa ba su taɓa motsa shi da gangan ba. Ta ɗora tafin hannu ɗaya sama da cibiya, ɗaya ƙasa da ita, ta koyi jan na sama shi kaɗai, sannan na ƙasa shi kaɗai. Wannan kan ɗauki makonni, kada ki gaggauta ta.

Na biyu hannun maciji. Tsarinsa kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, yatsu, a hawa da sauka duka. A fara da hannu ɗaya. Hannun da ke sauka shi ake mantawa, sai ya faɗo kamar tsumma yayin da ido ke kan mai hawa. Ki sa su kalli mai saukar.

Mataki na takwas: shigo da kiɗa

Sai yanzu. Kuma ranar farko ba a rawa, a zauna a tabarma a saurara.

Ki fara da kiɗan da ke da ganga amma mai tazara. Salon kiɗan da ake kira wahda yana da bugu mai nauyi guda ɗaya a farkon kowane zagaye, sauran fili ne. Ciftatalli, wanda aka fi sani a Turkiyya da Girka, bugu 8 ne kuma ana yawan yinsa a hankali. Masmudi babba shi ma 8 ne. Ki sa su tafa a kan bugu mai nauyin kawai, su ji tsawon shirun da ke biye da shi. Daga nan a tashi, a ce kowane zagayen ganga motsi ɗaya tak.

Bayan sun saba sai taƙsim, inda makaɗi ɗaya ke jan sauti yadda ransa ya so, sau da yawa ba ganga ko kaɗan. Yakan zama da nay, sarewar kara mai sautin numfashi, ko da ud mai tsirkiya da ake kaɗawa, ko kanun mai tsirkiyoyi da yawa, ko akodiyon a salon baladi na Misira. A nan ƙirga ta ƙare. Abin da nake yi shi ne in sa su bi sautin da "mmm" a ƙasan maƙogwaro, baki a rufe, hannu ɗaya na zana shi a iska. In sautin ya hau, hannu ya hau. In ya yi tsawo, hannu ya ci gaba da tafiya har ya ƙare. In makaɗin ya yi shiru, hannu ya tsaya. Sannan a mayar da abin da hannu ya yi zuwa ƙugu. Kunnen da ya saba da jan baƙi da muryoyi masu tsawo ba ya daɗewa bai kama wannan ba, abin da yake buƙata kawai a nuna masa cewa jiki ma yana iya bin dogon sauti.

Ki riƙe waƙa ɗaya na wata guda. Canja kiɗa kowane mako yana hana su sanin inda sautin zai je, kuma wadda ba ta san abin da ke zuwa ba sauri take yi.

Batun kunya

Na bar shi zuwa nan ne don ya fi sauran nauyi a wurinmu. Mace ta taso ana ce mata ta rufe jiki, ta sunkuyar da kai, kada ta ja ido, kuma tarbiyya ce da muke alfahari da ita. To sai ga shi a cikin ɗaki, ko da tsakanin mata 'yan uwanta ne, an ce ta tsaya ta motsa a hankali kowa na gani. Cikin sauri tana iya ɓuya, cikin sannu babu wurin ɓuya. Dole ki girmama wannan.

Ki tabbatar ƙofa a rufe take, labule a sauke, kuma wayoyi na cikin jaka. A ajina babu ɗaukar hoto ko bidiyo, ko da na kai ne, domin wata na iya fitowa a bayanki, kuma aure na iya mutuwa a kan daƙiƙa 10 da suka shiga WhatsApp. Sai mace ta tabbata da wannan jikinta ke sakewa.

Sannan ki juya su su ba madubi baya a lokacin taƙsim, ko su rufe ido, ko ki rage haske. Kada ki fitar da mai kunya gaban aji don gyara. Ki je kusa da ita ki yi magana ƙasa-ƙasa, gyara ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ki fara da abin da ta yi daidai. Ga manya kuwa, harshe ya canja. Ba na ce wa sa'ar mahaifiyata ta yi kuskure. Nakan ce, "Hajiya, mu ɗan sake tare, ni ma ina so in duba nawa gefen hagun," in tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita.

Akwai atisaye ɗaya da nake so ƙwarai. Kowa ta tsaya cikin kyakkyawar tsayuwa, kiɗa na tafiya, ba a motsa komai sai numfashi har daƙiƙa 30. Karon farko dariya ke ɓarkewa, ki bar su su yi. A karo na uku ko na huɗu ɗakin zai yi tsit, kuma daga wannan tsit ɗin ki ce su fara zagayen ƙugu mafi ƙanƙanta da za su iya.

Yadda za ki raba awa ɗaya

Ga yadda nake yi, ki gyara daidai da ɗalibanki. Minti 10 ɗumama jiki, 5 tsayuwa da numfashi, 15 tashoshi da ƙirga a kan motsi ɗaya kawai, 10 atisayen ƙarfi, 10 kiɗa, sauran kuma a saki ganga mai zafi kowa ta girgije. Kada ki hana su wannan na ƙarshen. Aikin sannu yana gajiyar da ƙwaƙwalwa, kuma in aji ya zama wahala zalla, mako mai zuwa rabinsu za su ce an yi musu baƙi. Aikin gida kuma kada ya wuce minti 5 a rana, motsi ɗaya, ko a kicin ne ana jiran ruwa ya tafasa.

Ki sa ran gefe ɗaya zai riga ɗayan, kuma ki ba gefen da ya fi rauni ƙarin maimaici 2 a kowane atisaye. Ki sa ran kuma akwai makon da ɗaliba za ta zo kamar ta manta komai, musamman bayan hutun sallah ko lokacin jarrabawa. Ku koma tashoshi 4, cikin minti kaɗan zai dawo.

Idan kina so ki san ko aikin ya kama, ki ɗaura mata gyalen rawa mai sulalla a ƙugu, ko jigida mai ɗan sauti in ita ke akwai, ki kashe kiɗa, ki ce ta yi lamba 8 cikin ƙirga 16. Duk inda ta fizga, sulallan za su yi ƙara, kuma ita da kanta za ta ji wurin. Ta maimaita tana neman rage ƙarar. Ranar da ta zagayo dama da hagu sulallan ba su ce uffan ba, sai ki kunna mata taƙsim ɗin nay, ki koma bayan ɗaki ki zauna.